Jitar Kawu da Fentin Mota



Duk wanda muka gaya wa za mu fesa wa jita fentin mota sai ya dube mu ya yi murmushi, irin wanda ake wa yaron da ya ce zai yi wa akuya kitso. Wasu suka ce fentin zai kashe mata sauti. Wasu suka ce abin da aka yi don ƙarfe ba ya kama katako. Wani abokinmu kuwa cewa ya yi tunda abin ya kai haka, mu ƙarasa ladanmu mu sa mata lamba da madubin gefe. Abin da ba su sani ba shi ne jita mai lantarki da fentin mota gida ɗaya suka tashi.

Kafin shekarun 1920, idan aka ƙera mota a Amurka sai ta yi makonni tana jiran fenti, domin da buroshi ake shafa mata, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa. Kamfanin DuPont, wanda asalin sana'arsa albarushi ce, shi ya fito da wani fenti mai suna Duco da ake fesawa ya bushe nan da nan, kuma General Motors suka fara sa shi a motarsu Oakland ta 1924. Bayan shekara talatin wani mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, Leo Fender, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fito da Stratocaster a 1954. Tunaninsa na masu masana'anta ne: jitar da za a haɗa da noti, a kwance da noti, abin da ya lalace a cire a sa wani. Daga 1956 kamfaninsa ya sanar cewa duk mai son launi na musamman ya ƙara kashi 5 cikin ɗari na kuɗin jita, a fesa masa ɗaya daga launukan DuPont. Da aka shiga shekarun 1960 har takardar zaɓe suka buga mai launi 14. Jan da ake kira Fiesta Red na motar Ford ne ta 1956, shuɗin Lake Placid Blue na Cadillac ne ta 1958, koren Surf Green na Chevrolet ne ta 1957. Yau masu kuɗi na rububin waɗannan tsofaffin jitoci a wajen gwanjo, alhali rigar da ke jikinsu ta mota ce. Kishiyarsu Gibson ma da za su fitar da Firebird a 1963, mai zanen motoci suka ɗauko, Ray Dietrich. Eddie Van Halen kuwa ko na motar bai nema ba, da fentin keke na gwangwani da salatif ya yi wa tasa jitar zanen da duniya ta san ta da shi.

Wannan kenan. Mu ba tarihi ne ya kai mu ba, Kawu ne.

Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙansa, direban babbar mota ne a hanyar Kano zuwa Damagaram zuwa Agadas. A can, wajen jiran lodi, ya koyi kiɗan jita a hannun Abzinawa, kuma daga can ya taho da tasa, fara mai ruwan madara, ba suna ba lamba a kanta. A gida ba ya kaɗa ta sai dare ya yi nisa, ba ya jona mata wuta, sai ka matso kusa za ka ji tsirkiyoyin na ƙis-ƙis kamar gyare. Kun san halin garinmu. Mutum ya saurari kiɗa ba laifi, ya yi liƙi a biki ma ba laifi, amma ranar da aka gan shi da abin kiɗa a hannu sai a fara binciken asalinsa. Da ya rasu aka zo rabon gado, aka ƙirga gida, aka ƙirga awaki biyu da rediyo da agogo, har butar ƙarfe sai da aka yi wa kuɗi. Jita tana saman sif kowa yana ganinta, ba wanda ya ɗaga ido. Haka aka tashi. Ba ta shiga rabon kowa ba, don haka ta zama ta kowa kuma ba ta kowa ba, ta yi shekara tara a wurin.

Mu uku ne, 'ya'yan yayarsa, kuma ƙaraminmu ne kaɗai ya tsinci kiɗan a wajensa. Autar Kawu ce ta tayar da maganar, mako bakwai kafin ɗaurin aurenta.

"Yaya, ba na son makaɗin haya ranar kamu. Ku sauko da jitar Baba."

Muka sauko da ita. Ashe rufin ɗakin ya taɓa yoyo a wata damina, ruwa ya bi ta ƙasan jitar ya kwanta. Katakon wajen ya kumbura, fentin ya ɗago yana ɓarewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, sauran jikin duk ya tsattsage. Ko ba don biki ba tana bukatar sabuwar riga, domin fenti a jikin jita ba ado ne kaɗai ba, shi ne ke tsakanin katako da gumi da raɓa.

Sai dai akwai wani wuri. A kafaɗarta ta sama, inda hannun dama ke kwanciya, fentin ya cinye har katako ya fito, ya yi duhu ya yi santsi, girmansa kamar tafin hannu. Ba ruwa ne ya ci wurin ba, damtsen Kawu ne, dare bayan dare. A kan wannan wuri muka yi kwana uku muna musu. Babbanmu, wanda kafinta ne, ya ce aiki ba ya yin kyau da rami a tsakiya, ko a goge duka ko a bar ta yadda take. Ƙaraminmu ya ce wanda duk ya taɓa wurin nan da samfefa shi da shi. Aka kawo shawarar a rufe wurin da salatif a fesa sauran, babbanmu ya nuna mana dalilin da ba zai yiwu ba: gefen sabon fenti zai tsaya da tudu daidai inda hannu ke gogawa, wata biyu ya yi yawa zai fara ɓarewa daga nan. Gaskiyarsa ce, amma gaskiyar kafinta ba ta kashe irin wannan musu.

Muka kai ƙara wajen Inna, matar Kawu. Ta karɓi jitar ta ɗora a cinya, ba ta ko kalli kafaɗar ba, sai ta juya ta ta bi bayan wuyan da babban yatsa, inda katakon ya yi baƙi-baƙi daga sama har tsakiya.

"Jikin ku yi yadda kuka ga dama, samari. Shi ma ya sha cewa zai sake mata launi, hanya ce ba ta bar shi ba. Amma nan kada wanda ya taɓa."

Shi kenan aka yanke hukunci. Ranar guga kuwa, wanda ya fi kowa ƙi shi ya karɓi samfefar, ya ce in dai za a goge to shi zai goge. Muka bar masa tsakar gidan muka fita sayen kaya.

Kafin nan akwai abin da duk mai tsohuwar jita ya kamata ya yi, wato ya san me ke hannunsa. Tsohuwar Fender ko Gibson ta gaske, da tabonta da tsagarta ta fi daraja, ranar da ka sake mata fenti ka zubar da kuɗi masu yawa. Muka kwance notin nan huɗu da ke riƙe da wuya, muka leƙa gurbin ko da hatimi ko kwanan wata. Babu komai. Jikin ma ba guntun katako ɗaya ba ne, falle-falle ne aka manne, irin na jitocin kwaikwayo masu araha. Wannan ya kwantar mana da hankali. Abin da muka samu a gurbin shi ne ɗan ɓallin kwalin ashana, an ninke shi biyu, da ragowar rubutun Faransanci a jiki. Kawu ne ya cusa shi don wuyan ya ɗan kwanta baya, tsirkiyoyi su matso kusa da yatsu. Dabara ce da masu gyaran jita suka sani ko'ina a duniya. Muka sa shi a ambulan muka ajiye.

Game da masu cewa fenti zai kashe sauti, suna da rabin gaskiya. Jitar da ba ta bukatar wuta, mai rami a ciki, fuskarta ce ke rawa ta fitar da sauti, kamar fatar garaya. Ka lafta mata fenti mai kauri ka danne mata murya. Amma mai lantarki, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe ne ke ɗaukar motsinsu ya mayar da shi wuta ya aika wa amfilifaya. Abin da fenti ke canzawa a nan ɗan kaɗan ne, in ma kunne zai kama shi.

Aikin fenti kusan dukkansa guga ne. Mun cire komai, wayoyi da maganaɗisu da gadar tsirkiya da maɓallan rataya, kowane rukunin noti a ledarsa da rubutu, kuma mun ɗauki hoton wayoyin kafin mu raba su. Inda tsohon fenti ya ɗago muka kankare har katako, muka bar shi kwana biyu a inuwa ya bushe sarai. Inda yake riƙe da ƙarfinsa ba mu tsaya yaƙi da shi ba. Fentin masana'anta na irin waɗannan jitoci kamar gilashi yake don tauri, kuma shi ne shimfiɗa mafi kyau da za ka samu. Dusashe shi kawai ake yi da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya tafi, don sabon ya sami abin kamawa. Ramuka da ɓalli muka cike da bodi fila, wannan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Ana guga da samfefa a naɗe a jikin ɗan katako mai shafaffiyar fuska, ba da yatsu ba, domin yatsu suna bin rami su ƙara masa zurfi. Babbanmu ya sassaƙa sanda ya ɗaure ta da noti a gurbin wuya, ta zama mariƙi da abin ratayewa, sauran gurbin aka rufe da salatif, saboda fenti ya taru a nan wuya ba zai koma mazauninsa ba.

Sai furaima mai ruwan toka, ta gwangwani, shafi uku. Akwai wata dabara da ta burge mu: bayan furaima ta bushe sai a yi mata ɗan yayyafin baƙin fenti sama-sama, sannan a bi da samfefa 400. Duk inda baƙin ya maƙale, rami ne da ido bai gani ba. Karon farko jikin ya fito da ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Aka cike, aka sake furaima, aka sake guga, sai a karo na uku baƙin ya tafi gaba ɗaya. Mako guda cur ya tafi a nan, kuma ba abin da ya canza a idon mai wucewa.

Launi ne ya kai mu wajen Baba mai fenti, can wajajen Ƙofar Ruwa. Al'adar masu haɗa fentin mota, murfin tankin mai ake kai musu su duba su haɗa irinsa. Mu rawanin Kawu muka kai, ɗan Kura, wanda Inna ta ciro daga ƙasan akwati. Wannan ƙyalle ma da tasa tafiyar. A Kura, nan kusa da Kano, ake rina shi da baba a buge shi har ya yi ƙyalli, kuma tun zamanin ayarin raƙuma Abzinawa ke sayensa suna naɗawa, shi ne ke barin shuɗi a fatarsu. Kawu ya kai musu rawani, ya karɓo kiɗa.

Baba ya fito da rawanin rana, ya karkata shi, ya sake karkatawa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Samari, wannan ba launi ɗaya ba ne. In ka dube shi kai tsaye baƙi ne, ka kauce kaɗan shuɗi ne, rana ta doke shi sai ja ya leƙo. Ba gwangwanin da zai ba ku wannan."

Maganar tasa ta tuna mana da fim ɗin nan da aka yi a Agadas, wanda ya fito a 2015, da makaɗin jita Mdou Moctar a matsayin jarumi, suna bin sawun Purple Rain na Prince. Masu fim ɗin sun ce Tamashek ba ta da kalma guda ta wannan launi, sai suka sa masa sunan da ma'anarsa ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mu muna da shunayya, amma ita ma ba ta faɗi rawanin ba. Hausa dai a wajen launi ta fi son nuna maka abu ta ce ga irinsa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa. To wannan ruwan ɗan Kura ne, iyakar sunansa kenan.

Shawarar Baba ita ce a gina launin hawa-hawa. Baƙi a ƙasa, shuɗi mai ƙyalƙyali a kai sirara yadda baƙin zai riƙa leƙowa, waɗannan mu yi da gwangwani a gida. Sannan mu kawo masa ya yi kiliya, wato ruwan ƙyallin da ake rufewa da shi, da bindigar feshinsa, ya ɗiga ɗan ja a shafin farko. Ya kuma gargaɗe mu da abu guda: kada mu haɗa dangin fenti biyu. Fentin gwangwani iri-iri ne. Akwai mai bushewa ta hanyar tashin tina kawai, akwai mai mai wanda iska ke dafa shi a hankali. Ka fesa na farko a kan na biyu, tinar ta narkar da na ƙasa, jiki ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Ya nuna mana tankin babur da wani yaro ya kawo masa a haka, abin tausayi. Saboda haka furaima da baƙi da shuɗi duk na kamfani ɗaya muka saya, kuma duk abin da za mu yi wa jita sai mun fara yi wa wani guntun katako da muka shirya kamar ita. Wannan guntu ya bi mu har ƙarshen aiki.

Mun yi sa'ar lokaci. Da a tsakiyar damina ne, laima kan shiga fenti tun yana ɗanye ya yi fari-fari kamar hazo a ƙarƙashin ƙyalli. Da kuma hunturu ya sauka, ƙurar da ke hana jirgi tashi ba za ta bar ɗanyen fenti ba. Mu a watan Oktoba muke, ruwa ya ɗauke, buji bai iso ba. Duk da haka da sassafe muke feshi, domin rana in ta ɗaga, fentin kan bushe a iska kafin ya isa jiki, ya sauka garas-garas kamar yashi. Mu yayyafa wa tsakar gida ruwa ƙura ta kwanta, mu kori kaji, mu goge jikin jitar kada maiƙon yatsa ya saura, don ɗigon maiƙo ɗaya kan sa fenti ya buɗe ya bar rami kamar idon kifi.

Gwangwani ana girgiza shi minti biyu cikakku daga lokacin da ƙwallon ciki ya fara ƙara, ba irin girgizar gaisuwa ba. In da sanyin safiya, a ɗan tsoma shi a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kuma kada a kusantar da shi wuta ko kusa. Tazara kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, santimita 20 zuwa 25. A fara dannawa kafin a iso jiki, a saki bayan an wuce shi, hannu na tafiya a miƙe ba lilo ba, kowane layi ya hau rabin na baya. Gefe-gefe da lungun ƙahonni ake farawa, sannan fuska da baya. Shafin farko ba ya rufe komai, kuma a nan zuciya ke cewa ƙara kaɗan. Wanda ya biye mata zai ga fenti na zubar da hawaye. Minti goma zuwa sha biyar tsakanin shafi da shafi. In an gama sai a kifa gwangwani a danna har iska zalla ta fito, bakin ya wanke kansa.

Ɗakin busarwarmu gidan sauro ne. Muka ɗaura shi a zaure, muka rataye jitar a ciki da sandarta, iska na shiga, ƙuda da ƙwaro da ɓurɓushin rufi suna waje. Baƙo ya shigo ya yi sallama ya ga abu a rataye cikin gidan sauro yana juyi a hankali, sai da aka yi masa bayani kafin ya yarda ya zauna.

Baƙi shafi uku, shuɗi shafi biyu sirara. Shi mai ƙyalƙyali ba a taɓa shi da samfefa, domin ƙananan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinsa in aka goge su sai su bar tabo da kiliya ba ta ɓoyewa. Yadda ya sauka haka za a rufe shi.

Kiliyar da Baba ke amfani da ita mai haɗi biyu ce, ana zuba mata hadana, sai ta daskare ta yi tauri cikin kwanaki maimakon makonni. Ita ta sa muka kai bikin, domin kiliyar gwangwani ta yau da kullum takan yi wata guda ko fiye tana da taushi a ciki, ka jingina jita a kan tabarma ka ɗaga ka ga saƙar tabarmar a bayanta. Amma a nan ne ranmu ya ɓaci. Hadanar tana ɗauke da wani sinadari, aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya tsane shi, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar masa. Takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi. A ƙasashen da ake bin doka, mai irin wannan feshi hular da ake turo wa iska daga waje yake sawa. Baba kuwa hankici ya ɗaura a hanci, yaransa biyu ko shi babu, da aka gama aka aiki ƙaramin ya sayo madarar gwangwani suka sha wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti huhu ya tafi, ba inda za su haɗu. Mun taho da takunkumi mai matatar gawayi wanda muka yi namu feshin da shi, muka miƙa masa. Ya jujjuya shi ya yi dariya.

"Shekara nawa ina wannan aiki, samari?"

Sai tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi. Mun bar takunkumin a wajen babban yaronsa, wanda muka ga yana kallonsa da sha'awa. Shi ma ba cikakkiyar kariya ba ce ga wannan kiliya, amma ya fi hankici nesa ba kusa ba. Wanda duk zai yi irin aikin nan a gida, shawararmu ya tsaya a fenti mai haɗi ɗaya, a sarari, da takunkumi na gaske, ya haƙura da jiran. Akwai mai haɗi biyu na gwangwani da ake fasa wa ciki ta ƙasa, gubarsa ɗaya da ta bindiga.

Muka ba ta kwana goma a gidan sauro, ko da yake Baba ya ce mako ya isa. Amarya kullum sai ta aiko a tambaya. Gwajinmu biyu ne: a kai hanci kusa, in har ana jin warin tina da saura, sannan a danna farce a jikin guntun gwajin nan, in ya bar alama a ƙara kwana.

Kiliya duk gwanintar mai fesa ta takan fito da ɗan gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Gyaransa guga ne da ruwa, kuma shi ne mataki mafi ban tsoro, don mutum da hannunsa zai dusashe abin da yake ƙyalli. Kafin ruwa ya taɓa ta muka toshe kowane ramin noti da kakin kyandir. Wannan shi ne babban bambancin jita da mota: ƙarfe ba ya shan ruwa, katako kuwa in ruwa ya sami ƙofa sai ya kumbura ya tsaga fenti daga ciki. Samfefa 1000 da aka jiƙa, da ɗigon sabulu, sannan 1500, sannan 2000. Gefuna ba a matsa musu, nan kiliya ta fi siranta, shafa biyu na ganganci sai ka ga shuɗi a jikin samfefa, kuma daga nan sai komawa wajen Baba. Babbanmu ne ya yi gefunan shi kaɗai, bai bari kowa ya yi masa magana ba har ya gama. Da aka kai 2000 jikin ya zama dishi-dishi kamar allon makaranta. Sai man folish na mota da tsohuwar singileti mai laushi, a murza a murza, wuri kaɗan-kaɗan. Can sai ganyen darbejiyar tsakar gida ya fara bayyana a jikinta.

Ba ta zama rawanin ba, gaskiya. Ƙyallin ɗan Kura mai nauyi ne, kamar yana shanye haske, na jitar kuwa jiƙaƙƙe ne irin na sabuwar mota. Amma a inuwa baƙa ce, a bakin ƙofa shuɗiya, in rana ta doki kafaɗarta jan nan yana leƙowa. Da muka aza rawanin kusa da ita Inna ta ce ai sun yi kama da 'yan ɗaki ɗaya.

Haɗawa ta ɗauki yini. An kankare fentin da ya shiga ramuka a hankali kafin a ɗaura noti, don noti in ya shiga da ƙarfi yakan ɓalle fentin da ke kewaye. An tabbatar wayar da ke zuwa gadar tsirkiya ta taɓa ƙarfe sosai, in ba haka ba amfilifaya ta yi ta gurnani. Ɓallin kwalin ashana ya koma inda Kawu ya sa shi, wuya ya zauna a kai da duhunsa da dattinsa, sabon jiki da tsohon wuya, kowa ya gani ya san ba tare aka haife su ba. Tsirkiyoyi shida sababbi.

Ranar kamu ƙaraminmu ya zauna a gefen rumfa da 'yar amfilifayar aro, ya kaɗa abin da ya tsinta a wajen Kawu, wannan kiɗa mai tafiyar raƙumi. Wasu tsofaffi daga dangin ango suka tambaya ko daga Nijar aka ɗauko makaɗin. Wata gwaggonmu da ta halarci rabon gadon ta ce ita fa ba ta san marigayi ya bar irin wannan abu mai tsada ba, ya kamata a sake zama. Inna ta ce ai an zauna shekara tara da suka wuce, kowa yana wurin.

Da za a kai amarya, aka fito da kayan ɗaki, sai ga jita a cikin lissafi, tsakanin akwati da tukwane. Amarya ce ta sa a rubuta. Ƙaraminmu ya buɗe baki zai yi magana, babbanmu ya taka masa ƙafa. Muka naɗe ta da zanen auduga, muka ja wa amarya kunne kada ta sa ta a leda ko ta jingina ta da roba na wata biyu, kada kuma a ajiye ta inda rana ke faɗawa ta taga. Yanzu ranar Juma'a bayan la'asar ƙaraminmu ke zuwa gidanta ya kaɗa, angon na koyon riƙe tsirkiya uku na farko, yana ƙorafin yatsunsa na ciwo.